Shurin bindiga da kafaɗar Kawu: yadda wayata ta taimaka mana zaɓen robar gindin bindiga

Wata Juma'a a damunar bara na tsaya kusa da Kawu a sahu, a nan Bungudu. Da liman ya yi kabbara sai na ga hannunsa na hagu ya tashi, na dama kuwa ya tsaya a ƙirji ya kasa wucewa. Bayan an sallame na bi shi har bakin ƙofa na ce, "Kawu, me ya sami hannun?" Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa ce tas shure ni, ɗana. Mun saba."

Tsohuwar da yake nufi ita ce bindigarsa mai baki ɗaya, mai lamba 12, wadda yake riƙe da takardarta tun kafin a haife ni. Da can yana cikin mafarautan da ke kwana a daji. Yanzu da daji ya zama abin da ya zama a Zamfara, iyakacinsa gonarsa ta bakin gulbi, inda yake korar birai daga masara, wani lokaci ya samo zabo ko fakara. Gindin bindigar katako ne tsura da wani siririn faranti mai tauri a ƙarshe, kuma shekara da shekaru wannan katakon ke sauka a wuri ɗaya a jikinsa.

Da muka matsa masa ya je asibiti a Gusau, likita ya ce jijiyoyin kafaɗar sun kumbura, ya ba shi magani, ya ce ya huta. Maganin ya sha, hutun ne ya ƙi, domin biri ba ya jiran kafaɗa ta warke. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata rana da na raka shi gona na ga yana runtse ido yana zabura tun kafin ya ja kunama. Jikinsa ya riga ya san zafin da ke tafe. Mutumin da ke zabura a lokacin harbi bai san inda harbinsa zai faɗa ba, ga shi gonakin bakin gulbi a manne suke da juna, yara na kai abinci, mata na roron wake.

Ni ba maharbi ba ne. Aikina rubuta manhaja, kuma a waya na koye shi bayan na gama sakandare. Amma matsalar Kawu ta lissafi ce da kayan roba, wayar da ke aljihunka kuma tana da abin da za ta ce a kan duka biyun.

Daga ina shurin yake fitowa?

A shekarar 1687 Isaac Newton ya wallafa dokokin motsi guda uku. Ta ukun ita ce ke cewa duk abin da ya tura wani, shi ma za a tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi turin. Idan albarushi ya kama, iskar da ya haifar tana tura harsashi gaba, tana kuma tura bindigar baya. Harsashi ba shi da nauyi, sai ya fita da gudu mai tsanani. Bindiga tana da nauyi, sai ta dawo a hankali, amma da dukkan jikinta.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na sakandare ba. Ka ninka nauyin abin da ya fita da gudunsa, wannan shi ne turin. Ka ninka turin da kansa, ka raba da ninki biyu na nauyin bindigar, sai ka sami ƙarfin shurin a ma'aunin jul. Ga yadda na rubuta shi da Python, kuma zai yi aiki a wayarka cikin Pydroid 3 ko Termux:

def shuri(gram, gudu, kilo):
    turi = gram / 1000 * gudu
    return turi  ** 2 / (2 * kilo)

Mu ɗauki harsashin lamba 12 mai ɗauke da gram 32 na dalma, wanda ke fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, a bindiga mai kilo 3. Amsar ita ce jul 27 da 'yan kai. Don ka ji abin a jikinka, kamar a ɗaga bindigar kanta sama da santimita 90 ne a sake ta ta faɗo maka a kafaɗa da gindinta. Wayarka mai gram 200 idan ta suɓuce daga kunnenka, tsayin mita ɗaya da rabi, ƙarfin da take dukan siminti da shi bai cika jul 3 ba, kuma ka san abin da hakan ke yi wa fuskarta. Lissafin nan ma bai haɗa da iskar albarushin da ke fita ta baki ba, wadda ita ma tana ƙara turi, don haka ainihin shurin ya ɗara haka.

Yanzu ka canza lambobin ka ga abin mamaki. Harsashi mai gram 28 a bindigar nan zai ba ka kusan jul 21. Mai gram 36 zai ba ka kusan 35. Idan kuma bindigar kilo 2.6 ce, mai gram 36 ɗin zai kai jul 40. Wato bindiga mara nauyi ta fi shuri, kuma ƙarin gram takwas kacal a harsashi yana ƙara shurin da fiye da rabi.

A ƙasashe irin su Tanzaniya da Zimbabuwe, masu farautar ɓauna suna amfani da manyan bindigogi kamar .375 H&H Magnum, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912. Harsashinta na kusan gram 19 yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, kuma idan aka haɗa da iskar albarushi shurinta kan kai jul 50 a bindiga mai kilo 4. To ka ga tsohuwar Kawu, wadda da muka rataya ta a sikeli ba ta cika kilo 3 ba, idan aka ɗura mata harsashi mai nauyi ba ta yi nisa da wancan sahun ba. Bambancin shi ne waccan daga masana'anta take zuwa da roba mai kauri a gindi, ta Kawu kuwa babu.

Abin da robar ke yi

Duk mai waya ya san rigar waya. Idan waya ta faɗi da rigarta, daga tsayi ɗaya ta faɗo, da gudu ɗaya ta iso ƙasa. Rigar ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta yi shi ne ta lotsa, sai tsayawar wayar ta ɗauki lokaci kaɗan fiye da yadda za ta ɗauka a kan siminti tsura. Idan lokacin tsayawa ya ninka biyu, matsakaicin ƙarfin dukan yana raguwa da rabi. Shi ya sa ɗan wasan ƙwallo ke janye ƙirjinsa baya idan zai tare ƙwallo.

Robar gindin bindiga aikinta ke nan, kuma ta hanya uku take yin sa. Tana tsawaita lokacin dukan, sai naushi ya koma turi. Tana faɗaɗa wurin da dukan ke sauka, maimakon gefen katako ya nutse a tsoka. Idan kuma robar mai kyau ce, tana shanye wani kaso na ƙarfin ta mayar da shi ɗumi a cikin jikinta, ba ta dawo da shi kamar ƙwallo ba.

Wannan na ukun shi ne abin da kamfanoni ke gasa a kai. Kick-Eez suna yin nasu da Sorbothane, wata roba mai laushi da ake sakawa a cikin takalman gudu da ƙarƙashin na'urorin da ba a son su yi girgiza. LimbSaver na kamfanin Sims Vibration Laboratory suna amfani da wani haɗi nasu mai suna NAVCOM. Pachmayr suna da Decelerator, wanda ya daɗe a kasuwa. Dukansu na Amurka ne. Kowanne yana da tallarsa da alƙalumansa, amma ka riƙe abu ɗaya: turin da lissafin can ya ba ka sai ya shiga jikinka gaba ɗaya, da roba ko babu. Yadda zai shiga ne kawai ke canzawa.

Kuɗin da na fara zubarwa

Da na karanta wannan sai zumuɗi ya kama ni. Na shiga wani kantin intanet, na ga roba irin wadda ake zurawa a gindin bindiga kamar safa, na zaɓi mafi kauri da mafi girma, a tunanina kauri shi ne magani. Ban auna komai ba. Bayan kwana goma sha wani abu ta iso Gusau, na je na karɓo, na kai wa Kawu ina jin kaina.

Ya juya ta, ya matsa ta da yatsa, ya ce, "Wagga aba ta yi laushi kamar tuwon shinkafa." Ya zura ta. Bayan kwana uku ya aiko a kira ni. Ya yaye riga, sai ga tabo baƙi ƙirin a damtsensa, wurin da bai taɓa samun tabo ba.

Laifin nawa ne, kuma kashi biyu ne. Robar ta yi wa gindin bindigar yawa, tana karkacewa gefe duk lokacin da ya ɗaga. Sannan ta ƙara wa bindigar tsawon inci ɗaya, wato santimita 2.54. Kawu gajere ne, hannunsa bai da tsawo. Da bindigar ta ƙara tsawo sai gindinta ya kasa shiga kwarmin da ke tsakanin ƙirji da kan kafaɗa, inda tsoka ke da kauri, ya zame ya zauna a kan damtse. Roba mai laushi a wurin da bai dace ba ta fi katako a wurin da ya dace illa.

A nan ne na zauna na koyi cewa robar iri huɗu ce. Akwai ta zurawa, irin wadda na saya: ba ta bukatar kayan aiki, tana zuwa ƙarama da matsakaiciya da babba, amma duk kaurinta ƙari ne a kan tsawon bindiga. Akwai wadda aka ƙera daidai da wani samfurin bindiga, a kwance tsohon farantin a ɗaura ta da sukurori biyu. Wannan sai bindigogin manyan kamfanoni na zamani, da wuya ka sami wadda ta dace da tsofaffin da ke hannun mafarautanmu. Akwai wadda ake sayowa da girma a goge gefenta da inji har ta yi daidai, aikin gwani ne. Ta huɗu ba a jikin bindiga take ba: matashi ne da ake ɗaurawa a kafaɗa ko a ɗinke a cikin riga.

Gwajin da na yi da waya

Kawu ya ce in kwashe robata, zai naɗa tub ɗin taya kamar yadda abokansa ke yi. Ni kuma ina so in san ko robar ce ba ta da kyau ko awona ne ya ɓaci. Ba na son a gwada a kafaɗarsa, sai na tuna da sensar da ke cikin waya.

Kowace wayar zamani tana da 'yar na'urar auna motsi da girgiza. Ita ce ke juya maka hoto idan ka kwantar da waya, ita ce ke ƙirga takunka. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar a 2016, da ke nuna maka abin da wannan sensar ke ji kai tsaye, ta zana shi a layi, ta kuma ba ka fayil ɗin CSV. Da zarar ka sauke ta ba ta bukatar data. Mu da muka ga rufe layukan waya na watan Satumba 2021 a Zamfara mun san darajar manhajar da ke aiki ba intanet.

Babu bindiga a gwajin, kuma kada wani ya ɗaura wayarsa a jikin bindiga. Na shimfiɗa tabarma, na ɗora katako mai tsawon hannu. A gefe ɗaya na ɗaure wayar da roba, fuskarta sama. A ɗaya gefen nake ajiye abin da zan gwada. Na yanko bututun ruwa na roba mai tsawon santimita 30 na tsayar a kai, ina sako wani dunƙulen ƙarfe ta cikinsa, don kowane duka ya zo daga tsayi ɗaya. Kowane abu na dake shi sau goma. Dalilin maimaitawar shi ne sensar waya tana ɗaukar awo sau 'yan ɗaruruwa ne a daƙiƙa, dukan kuwa yana wucewa cikin ƙiftawar ido, don haka wani lokaci takan tsallake ƙololuwarsa. Na rubuta 'yan layuka da ke ciro ƙololuwar kowane duka su fitar da matsakaici. Gwajin na kwatanta abu da abu ne a kan katako ɗaya, kuma don haka ya ishe ni.

Katako tsura ya ba da layi mai tsini kamar allura. Tub ɗin taya da na ninka huɗu ya rage tsinin kaɗan, amma ƙarfen yana tsalle ya dawo ya sake duka, alamar robar tana mayar da ƙarfin ne ba ta shanye shi ba. Soson katifa ya yaudare ni: a hannu ya fi kowa laushi, amma ƙarfen yana murƙushe shi har ƙasa ya daki katakon, layinsa ya kusa kamo na katako tsura. Tsohon silifas ya yi abin kirki a dukan farko, kafin na goma ya lotsa ya ƙi tasowa. Robar da masu gyaran takalmi ke yanka tafin takalmi da ita ta fi su duka huɗun. Wadda ta zo ta ɗaya kuwa ita ce robar da na saya: layinta gajere ne mai faɗi, ƙarfen kuma yana faɗawa ya kwanta kamar an jefa shi a laka.

Na kai wa Kawu wayar na nuna masa layukan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To mi ya hana ta yi mini aiki?" Na ce, "Ni ne ban auna ka ba, Kawu."

Wanda ba shi da lokacin wannan gwaji, akwai biyu masu sauƙi da za a yi a gaban mai kaya. Ka danna robar da babban yatsa da dukkan ƙarfinka. Idan ka ji yatsan ya taɓa ƙasa, shuri ma zai taɓa. Sannan ka sako mata ƙwallon boris daga tsayin gwiwa. Idan ya yi tsalle sosai, roba ce mai mayar da duka.

Awo kafin saye

Kafin a taɓa tef, mai bindigar da kansa ya karya ta ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya bar ta a buɗe. Tef ɗin tela ya isa.

Awo na farko shi ne fuskar gindin: tsawonta daga sama zuwa ƙasa, da faɗinta a inda ya fi faɗi. Waɗannan biyun za ka kwatanta da jadawalin girma na mai sayarwa. Yawanci da inci suke rubutawa, sai ka raba santimitarka da 2.54. Idan awonka ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin, domin roba tana miƙewa, kuma wadda ta kama tam ta fi mai sako-sako.

Awo na biyu shi ne wanda na tsallake: daga kunama zuwa tsakiyar gindin. Yawancin bindigogin lamba 12 na masana'anta suna zuwa da kusan inci 14, wato santimita 35 zuwa 36, an yi su ne don matsakaicin Bature ko Ba'amurke. Don sanin ko tsawon ya dace, mai ita ya rufe ido ya ɗaga ta kamar zai yi harbi, kuncinsa a kan katako, sannan wani ya duba tazarar da ke tsakanin hancinsa da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan bindigar. Faɗin yatsu biyu zuwa uku shi ne daidai. Idan tazarar ta yi kaɗan, bindigar ta yi gajarta, yatsan zai iya dukan hanci, kuma roba mai kauri za ta gyara abu biyu a lokaci ɗaya. Idan tazarar ta riga ta cika, duk abin da ka ƙara zai tura gindin waje. A yi awon da rigar da aka saba fita da ita, domin rigar sanyi ta hunturu ita ma kauri ce.

Sai a duba bayan robar da gefenta. Mai santsi sosai tana zamewa daga kafaɗa, mai danƙo sosai tana kama riga lokacin ɗagawa. An fi son wadda samanta ya ɗan yi santsi ya lanƙwasa, tsakiyarta kuma tana da kaushi.

Akwai kuma yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafi a nan yakan haura digiri 40, roba kuma tana ƙara laushi da zafi. Na bar kayan gwajina a kan kwanon ɗaki da tsakar rana na sake dukansu, silifas ɗin ya zama kamar ƙullu. Kada a jingine bindiga a kan robarta wata da watanni a ɗaki mai zafi, za ta lotsa ta zauna a haka. Fetur da kananzir da baƙin mai duk suna cin roba, ruwa da sabulu sun isa wanke ta.

Ga masu oda ta waya: ka nemi jadawalin girma kafin ka kalli farashi, ka fara karanta ra'ayin waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, ka duba hotunan da masu saye suka ɗora da kansu. Idan ka ga sunan babban kamfani a farashin katin waya, jabu ce. Duk wanda kuma ya tallata maka roba a Facebook ko WhatsApp ya ce yana da harsashi a gefe, ka rufe hirar.

Inda doka ta tsaya

Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na mutum, irin ta Kawu, waɗanda lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kai, amma hakan bai sauya dokar tarayya ba, kuma rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da bayar da sabon lasisi. Mai tsohuwar takarda ma ya kamata ya je ya tabbatar da matsayinta.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne dokar ta taƙaita gyaran bindiga ga wuraren da aka ba izini. A Amurka wanda roba ta ƙara wa bindigarsa tsawo sai ya kai wa gwani a rage katakon. Wani abokin Kawu ya ce mu kai wa kafinta ya yanke santimita biyu. Kawu ya ƙi, kuma ya yi daidai. Muka tsaya a kan abin da za a iya ɗaurawa a kuma kwance ba tare da an taɓa jikin bindigar ba.

Abin da muka ƙare a kai

Da muka yi awon hanci da yatsa, sai muka ga Kawu yana da sararin kusan santimita ɗaya da rabi kafin tsawon ya wuce masa. Na farke robar da na saya, na ciro matashin cikinta, na rage kaurinsa zuwa haka, na goge gefen da sanfefa har ya yi daidai da zanen gindin da na kwafa a kwali. Kwalin da robar na kai wa wani baduku a kasuwar Gusau, ban kai bindiga ba. Ya ɗinka musu riga da jan fatar akuya mai igiyar ɗauri kamar ta takalmi, ya bar gefen fatar mai kaushi a waje don ta kama riga. Kuɗin ɗinkin bai kai rabin kuɗin robar ba.

Na kuma nuna wa Kawu lissafin gram 28 da gram 36. Don korar biri da harbin fakara ba ya bukatar mai nauyin, kuma saukowa daga 36 zuwa 28 yana rage shurin da kashi 40 cikin ɗari, abin da babu robar da za ta yi masa. Na haɗa masa da abin toshe kunne, domin ƙarar bindiga tana haura desibel 140, roba kuma ba ta da abin da za ta yi wa kunne. Wannan ya karɓa ya saka a aljihu, kuma ina zargin har yau a aljihun yake.

Kafaɗar ba ta koma sabuwa ba. Ciwon shekara talatin ba ya tafiya don an ɗinka fata, kuma likitan ya gaya masa haka. Abin da ya canza shi ne bayan girbi ya yarda ya huta wata biyu, yana yin motsa hannun da aka koya masa a asibiti, ya kuma rage harbi, yawancin kwanaki gwangwani da majajjawa yake ba jikokinsa su kori biran. Ranar da na sake raka shi gona na tsaya a bayansa ina kallon fuskarsa. Ya ɗaga, ya ajiye kunci, ya ja kunama idonsa a buɗe.

A hanyar dawowa ya ce abokansa biyu sun ga fatar suna tambaya. Na ce su zo da kansu, kowa da awonsa, kada su aiko a yi musu irin ta Kawu. Ya ce, "To, mai kwamfuta, sai ka sayi tef naka, ka bar aron na tela."